Sahu Uku na Yaya Ummaru da Gadar Ƙarƙashin Teku

Cikin watan nan Yaya Ummaru ya cika shekara takwas da rasuwa. Kowace shekara idan albasa ta nuna aka fara cira, nakan ce bana zan rubuta wani abu a kansa, sai hidimar gida ta sha kaina, ko kuma in ɗauki biro in ji hannuna ya yi nauyi. Abin da ya zaunar da ni a wannan karon rediyo ne. Kwanakin baya ina tankaɗe a tsakar gida na ji ana labarin wani hoto da aka ɗauko daga sama, wai ya nuna wata gada kwance ƙarƙashin ruwa tsakanin ƙasar Indiya da tsibirin Siri Lanka, wai har mutanen can suna ta jayayya a kan wanda ya gina ta. Na ajiye rariya na zauna. Gadar nan na san ta tun ba a ɗauki hotonta ba. A dalilinta ɗan'uwana ya yi shekara uku na ƙarshen rayuwarsa da tsoro guda ɗaya, tsoron kada ya mutu a rasa masu sallatar gawarsa.

Yaya Ummaru wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifinmu shi ne ladanin masallacin unguwarmu a Danwarai har ya koma ga Allah, shi ya sa manya ke kiran Yaya ɗan Ladan. Malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare da ke kusa da Aliero, kuma idan Liman ya yi tafiya shi ake turawa gaba ya ja salla. Mutanen Aliero da Jega da za su karanta wannan, da yawansu ba su san shi da wannan suna ba. Malam Mai Birai suka sani. Ina roƙon su yi haƙuri su karanta har ƙarshe.

Lokacin da Yaya yake ɗalibi akwai malamai 'yan Indiya da yawa a makarantunmu, ni ma na tarar da ragowarsu. Wanda ya koya masa labarin ƙasa wani dattijo ne siriri daga kudancin Indiya, ba ya cin nama, abincinsa wake da alayyafo, amma Yaya ya ce bai taɓa ganin mai son albasarmu kamarsa ba. Garinsu yana kusa da bakin tekun, kuma shi ya ba su labarin wurin. Ya ce daga ƙarshen ƙasarsu zuwa tsibirin akwai jerin tuddan yashi da duwatsun murjani a layi ɗaya, wasu sun leƙo saman ruwa, wasu ruwa ya rufe su kaɗan, har manyan jirage ba sa iya ratsawa. Mabiya addinin Hindu sun ce a labarinsu na kaka da kakanni wani sarki ne aka sace wa mata aka tsallaka da ita tsibirin, sai rundunar birai suka yi ta jido duwatsu suna jefawa a teku har hanya ta samu, ya tsallaka ya karɓo matarsa. Musulmin wajen kuma suna kiran wurin Gadar Annabi Adamu, don akwai masu cewa a tsibirin nan, wanda magabata ke kira Sarandib, aka saukar da shi, kuma ta nan ya tako zuwa babbar ƙasa. Masana ƙasa su kuma suka ce an yi zamanin da teku bai cika kamar yanzu ba, wurin busasshe ne, ruwa ne ya taso a hankali ya shanye shi.

Yaya bai taɓa cewa birai sun yi gini ba. Abin da ya kama hankalinsa daban ne. Ya ce idan mutane biyu da ba su yarda da juna a kan komai ba suka nuna wuri ɗaya suka ce an taɓa bi ta nan da ƙafa, sannan mai awo ya zo ya auna ya tarar da ruwan wurin bai da zurfi, to akwai abin dubawa. Wataƙila kakannin kakanninsu sun ga wurin a bushe, abin ya daɗe har aka manta yadda aka yi, labari ya rage, kowa ya tufatar da shi da rigar addininsa. Yakan kawo misali da fadamarmu. Tsofaffi sun ce gulbi ya taɓa bi ta bayan gari, matasa na dariya, amma duk wanda ya haƙa rijiya a wurin sai ya ci karo da farin yashi da ɓawon katantanwa. Iyakar abin da yake faɗa ke nan, kuma kullum yakan rufe da Allah ne mafi sani.

A shekarar da aka ba mu jihar Kebbi, bayan ɗaukewar damina, darasin ya zo a aji. Yaya mutum ne da ba ya gamsuwa da allo. Ya kwashi ɗalibansa ya kai su lambun gidanmu a fadama, ya sa suka tara ƙasa gefe biyu na fangali guda, wato ɗan kwamin da ake shuka albasa, nan Indiya, nan tsibiri, suka ja siririyar kunya tsakaninsu. Ya ba su labaran nan uku. Sannan ya buɗe hanyar ruwa, suna tsaye suna kallo ruwa na hawa har ya rufe kunyar, sai ɗan tudu nan da can. Wani da ya halarci darasin, yanzu magidanci ne a Jega, ya ce mini har gobe idan ya rufe ido yana ganin yadda kunyar ta nutse. Cikin wasa ɗalibai suka murza laka suka yi 'yan birai da jela suka jera a bakin ruwa. Yaya ya yi dariya, bai ce a rushe ba. Rana ta yi ƙasa, ya tattara su ya mayar makaranta, ya toshe hanyar ruwan cikin sauri, toshewar da ba ta kama ba.

Lambun da ke ƙasa da namu na Baba Nomau ne, sa'an mahaifinmu, mutumin da ya tashi cikin albasa ya tsufa cikinta. Irinsa ya kai dashe, saura kwanaki. Ruwan ya ɓalle ya karya kunyarsa ya kwanta a kan irin, kafin a farga ya ruɓe. Wanda ba manomin albasa ba ba zai gane girman wannan ba. Iri shi ne shekarar mutum gaba ɗaya, tun cikin damina ake renonsa kamar jariri, kuma a lokacin dashe kowa nasa yake tattali.

Amma irin wannan ɓarna ba baƙuwa ba ce a fadama, kuma tana da hanyarta tun zamanin kakanni. Wanda ruwansa ya yi ɓarna shi zai tashi da kansa, ya ɗauki hauyarsa, ya je ya tsaya a lambun maƙwabcinsa ya gyara kunyar da hannunsa mai lambu na kallo, sannan ya cira daga irinsa ya ba shi. Ba a aike, ba a dogon bayani. Sau da yawa ma mai lambun zai karɓe hauyar ya ce bari, ai ruwa ba shi da ido, magana ta mutu a nan. Yaya ya san wannan sarai, a cikinta aka haife shi. Sai dai washegari aka kira malamai Birnin Kebbi don tantance ma'aikatan sabuwar jiha, mota na jira, ya ga ba zai iya tsayawa ba. Ya zauna ya rubuta wa Baba Nomau takardar ban haƙuri shafi biyu, ya bayar a kai masa gida. A ganinsa girmamawa ce. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike, kuma ban taɓa ganin inda maganar ta yi gaskiya kamar nan ba.

Baba Nomau ba ya karanta boko. Ya ɗauki takardar ya kai majalisar ƙofar masallaci bayan la'asar, ya miƙa wa wani ya karanta masa a gaban jama'a. Da ma haƙuri kaɗai Yaya ya bayar da da sauƙi. Amma malami ne, sai da ya bayyana dalilin buɗe ruwan daki-daki, da Indiya, da tsibiri, da sarkin da aka sace wa mata, da birai, da Annabi Adamu, duk cikin takarda ɗaya. Kawunmu yana wurin. Ya ce da aka gama karatu, sai Baba Nomau ya karɓi takardarsa ya ninke ya ce:

"To ni mi ya haɗa ni da biran Indiya? Irina anka kashe. Ɗan Ladan ya fi ƙarfin shi tako ƙafa shi zo, sai takarda, awa ni gwamna na."

Aka yi dariya. Amma cikin masu dariyar akwai waɗanda suka tashi suka nufi fadama don su gani da ido, suka tarar da 'yan biran laka a jere sun bushe, suna fuskantar ruwa. Kwana biyar Yaya ya yi a Birnin Kebbi. Kafin ya dawo labari ya riga shi zama a gari: ɗan Ladan ya kafa gumakan Indiyawa a lambun ubansa, yana koya wa 'ya'yan Musulmi cewa birai ne suka yi wa Annabi Adamu hanya. Magana zarar bunu ce, kuma wannan da hannunsa ya zaro ta.

Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya zage shi a fuska. Da an yi haka ma da ya sami abin amsawa. Abin a hankali ya zo. Liman ya yi tafiya, aka tura wani gaba. Ya tsaya a sahu, na damansa ya ɗan matsa, na hagunsa ya ɗan matsa, aka bar masa fili kamar mai ƙaiƙayi. Wasu iyaye suka ce 'ya'yansu su riƙa fita idan ya shigo aji. Liman, Allah ya ba shi lada, ya faɗa cewa mai ba da labarin kafirci ba kafiri ba ne, amma a zaurensa ya faɗa, ga mutum uku ko huɗu, bai faɗa bayan salla ba. Yaya kuma zuciya ta ɗebe shi. Ya ce tun da Baba Nomau ya kai takardarsa kasuwa, shi ba zai taka lambunsa ba. Innarmu ta yi magana har ta gaji. Ƙarshe ya nemi canjin wurin aiki, aka mai da shi Maiyama, ya kwashi matarsa Dije da 'ya'yansu suka tafi. Sunan Mai Birai ya bi shi a mota ɗaya.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai maigidana. A lokacin ina Jega da aure, kuma maganar ta iso har gidan biki, mata na yin shiru idan na shigo. Na yi sakandare, na san mene ne taswira, na san darasi. Duk da haka abin ya shiga raina, don ina tsoron Allah kuma ina tsoron wa ɗan'uwana wuta. Ranar da ya biyo ta gidana zai wuce Maiyama, na kawo masa fura, na zauna nesa kaɗan na ce:

"Yaya, tsakaninka da Allah, ka yarda birai sunka gina ta?"

Ya daɗe yana juya ludayi cikin kwano. Sannan ya ce, "Kulu, har ke? Ni fa na koya miki alwalla."

Bai yi fushi ba. Ya shanye furar, ya sa wa yara albarka, ya tafi. Ban ba shi haƙuri ba a ranar, ina ganin akwai lokaci.

Nakan tambayi kaina me zai ce da yana raye ya ji labarin hoton nan. Na san zai nemi a kawo masa ya gani, zai sa tabarau ya daɗe a kansa. Kuma na san ba zai yi murnar da wasu ke zato ba. Zai ce hoto ya nuna yashi, bai nuna hannun da ya zuba shi ba, wanda ya ce hoton ya tabbatar da labarin birai ya yi gaggawa, wanda kuma ya ce labarin mutanen banza ne tun da akwai birai a ciki shi ma ya yi gaggawa. Abin da zai gajiyar da shi shi ne jin cewa can ma rigima ake yi. Mu nan da ba mu taɓa ganin teku ba mun ɓata wa mutum suna a kan wurin, su can da ke bakin ruwan ba su huta ba.

Ban ga alamar mun sauya ba. Gari ya ƙaru, motocin albasa sun ninka, wayar hannu ta fara shigowa, abin da a da yake kwana biyar kafin ya zaga Danwarai yanzu kafin a sauke tukunya ya kai Jega. Fitar da mutum daga addini ya zama abu mai sauƙi a bakin yaran da ba su gama haddace izu biyu ba. Wata malama maƙwabciyata ta ce mini idan ta zo irin waɗannan darussa, na abin da wasu al'ummu suka yarda da shi, tsallakewa take yi, don tana da 'ya'ya ƙanana kuma ba ta son magana. Ban ga laifinta ba. Da Yaya ya tsallake shafin nan da wataƙila ya mutu limamin unguwa. Amma na san ba zai tsallake ba, ko an dawo da shi yau.

Cikin shekara ta uku a Maiyama ciwon hanta ya kama shi. Ya rame, idanunsa suka yi rawaya. Na je na yi mako biyu ina taya Dije jinya. Mutanen Maiyama sun yi masa kirki daidai gwargwado, don haka na ba shi shawara idan ta Allah ta kasance a rufe shi a can, inda abokan aikinsa za su taru. Ya ce a'a, kusa da mahaifinmu yake so. Na ce masa ya san halin da ake ciki a gida. Ya ce ya sani, kullum da shi yake kwana yake tashi. Tun muna yara mun sha jin malamai na faɗin falalar mamacin da sahu uku na Musulmi suka sallata, shi ya sa ko mutane kaɗan ne akan raba su uku. Ya ce:

"Ba ni roƙon taro, Kulu. Sahu ukku kaɗai nika so. In an samu, ku yi ta godiya."

Da ya ɗan ji sauƙi ya ce a kai shi Danwarai ya gaida Inna. Ashe da wata niyya ya je. Da hantsi ya ɗauki tsohuwar hauyar mahaifinmu ya nufi fadama, Dije na binsa a baya da buta don ba ta yarda da ƙafafunsa ba. Ita ta ba ni labarin. Baba Nomau na cikin lambu. Yaya bai yi dogon sallama ba, ya je daidai kunyar da ta taɓa karyewa, wadda an gyara ta tun shekara uku, ya sunkuya ya fara jan ƙasa yana ɗorawa. Sara uku ya yi numfashi ya gagare shi. Baba Nomau ya tsaya yana kallonsa, sannan ya tako.

"Ɗan Ladan, aikin ga shekara ukku da sunka wuce ya kamata a yi shi."

"Na sani, Baba."

"To ba haka aka riƙon hauya ba. Boko ya ɓata maka hannu. Kawo."

Ya karɓe hauyar ya jingine, ya zaunar da shi a inuwar rumfar albasa. Can Baba Nomau ya tambaye shi, wai gadar nan tasu, jaki na iya bi da kaya? Yaya ya ce yanzu kam a'a, wani wurin ruwa iya gwiwa, wani wurin ya shanye mutum, amma ana jin a da an bi. Baba Nomau ya ce to ai wannan mashigi ne irin na gulbi, shekarar da ruwa ya ja a bi, shekarar da ya cika a haƙura, shi bai ga abin faɗa a ciki ba. Yaya ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce shekara uku yana neman wanda zai faɗi haka.

Ya roƙi Baba Nomau ya yi magana a masallaci. Nan tsohon ya noƙe. Ya ce shi bai taɓa cewa ɗan Ladan kafiri ne ba, irinsa ya ce an kashe, waɗanda suka ƙara sauran su je su janye abinsu. Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar ba ta amfani Yaya da komai ba. Duk da haka kafin su rabu Yaya ya gaya masa maganar sahu uku. Baba Nomau ya cika wa Dije zane da lawashi ya ce a yi wa maras lafiya miya.

Bayan wata biyu ya rasu a Maiyama da asuba. Malamai biyu abokan aikinsa suka kawo shi gida a bayan a-kori-kura, muka iso da hantsi. Ranar kasuwar Aliero ce, tsakiyar cirar albasa, manyan motoci sun zo lodi, maza duk sun fita tun da safe. Ba zan ɗauki alhakin kowa ba. Ba duk wanda bai zo ba ne ya ƙi zuwa, da yawa ba su ji ba sai da yamma, kuma sun zo gaisuwa. Amma an yi shela, kuma na san gidajen da maza ke ciki aka turo a ce sun fita. Na san su har yau, muna gaisawa.

Aka yi masa wanka aka fito da shi ƙofar gida. Ni da Dije muka tsaya bayan zana muna leƙe ta inda ta ɓule. Liman ya tsaya gaba. A bayansa akwai maigidana, da kawunmu, da malaman nan biyu, da Baba Nomau, wanda ya riga ya tura manyan 'ya'yansa biyu haƙar kabari. Mutum biyar. Suka jeru sahu ɗaya, Liman ya waiga ya duba hanya, ba kowa, ya gyara tsayuwa zai ɗaga hannu. Dije ta kama hannuna ta matse.

"Malam, dakata," in ji Baba Nomau. "Ukku yac ce."

Ya ja maigidana da kawu ya tsayar gaba, malaman biyu a bayansu, shi ya koma baya ya tsaya shi kaɗai. Liman ya ce masa a hankali mutum ɗaya ba ya zama sahu. Baba Nomau ya ce a jira shi. Ya sa takalmansa ya nufi bakin hanya da saurin da ban san yana da shi ba, rana na dukan makara. Na ji kamar an shekara. Sai ga shi ya dawo da wasu Fulani biyu da ya tare suna kora shanu zuwa Jega, sun bar wa ɗan'uwansu na uku garken. Na ɗebo ruwa a randa na miƙa ta saman zana suka yi alwala. Babban cikinsu, yana shafa kai, ya tambaya wane ne ya rasu. Baba Nomau ya amsa da murya sama, yadda har mu da ke ciki da maƙwabta na bayan katanga za su ji:

"Malami na, ɗan ladanin garin ga. Musulmi na, ni ash shaida."

Suka tsaya su uku a baya. Liman ya yi kabbara.

Shekara takwas ke nan ina auna abin da ya rage na Yaya, kuma ba zan yi wa masu karatu ƙarya in ce da yawa ba ne. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma har yau fangalin nan idan ana kwatance cewa ake yi wajen na Mai Birai, yaran da aka haifa bayan rasuwarsa ma haka suke faɗa ba su san dalili ba. Shaidar Baba Nomau mutum shida da Liman suka ji ta, sai mu mata na bayan zana, bai kuma maimaita ta a masallaci ba. Bara shi ma ya rasu, sahun jana'izarsa ya kai bakin hanya. Na yi masa addu'a da zuciya ɗaya, don ya cancanta. Amma da maigidana ya dawo yana ba ni labarin yawan jama'a, sai na tuna sahu ukun Yaya na ji ƙyashi, Allah ya yafe mini.

Akwai ɗalibansa da suka zama mutane, wasunsu kan tsaya su gaishe ni su ce shi ne ya fara sa su tambayar yadda ƙasa ta zama yadda take. Akwai 'ya'yansa, suna salla, suna karatu. Tambayar wanda ya shimfiɗa hanyar nan ta ƙarƙashin teku kuwa tana nan inda ya bar ta, ban fi shi sani ba, kuma na daina jin tsoron cewa ban sani ba. Haƙurin da ban ba shi ba ranar fura shi ne nawa kason, da shi zan tafi.

Abin da ya roƙa dai ya samu, ba ƙari sai mutum ɗaya a kan abin da zai cika shi, kuma ya ce in an samu mu yi ta godiya. Muna yi. Fulanin nan biyu ban san sunansu ba, ban san rugarsu ba, ko sadakar fura ba su tsaya sun sha ba don shanunsu sun yi nisa. Duk sallar da na yi wa Yaya addu'a nakan haɗa da su. Allah ya jiƙan Ummaru ɗan Ladan, ya sa kabarinsa ya yalwata, su kuma duk inda ajali ya riske su, a daji ko a gari, Allah ya kawo musu masu tsayawa a bayansu.